Abin da ke watsa zaman karatun tarihin yaƙi

Na gaji da ganin samari suna kafa zaman karanta littattafan tarihin yaƙi a Kaduna, kafin wata uku ya watse. Kusan kullum ramin ɗaya suke faɗawa, ni ma na taɓa faɗawa ciki.

Da muka fara namu a Unguwar Rimi, ni na dage sai mun buɗe da juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. A ganina ai abin gida ne, a nan garin Manjo Nzeogwu ya kai wa gidan Sardauna hari. Ashe wuta na kunna. Ba mu ci shafi goma ba aka ture littafi gefe, kowa ya hau kare mutanensu. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, duk Baba muke ce masa. Ya dube ni ya ce mu karatu muke yi, su kuwa gawawwaki suka binne. Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Mutumin da ya fi duk littattafanmu sanin abin, ni na kore shi da gaggawata. To wai saurin me kuke yi? Ni yanzu daga nesa nake farawa: jihadin Shehu Ɗanfodiyo, wato yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sannan zuwan Turawa. Sai mun shekara muna shan shayi tare kafin in yarda a taɓa 1966.

Sai zama ba taswira. Na taɓa jin wani yana ta zuba cewa a Burma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Haba malam! Burmi ce, a jihar Gombe ta yau, a 1903. Burma kuwa can Asiya take, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a yaƙin Hitila. Taswirata tana kan tabarma tun kafin a zuba shayi.

Kada ku dogara da rahoton Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, kaɗai, wanda ya ci yaƙi ne ya rubuta shi. Ku leƙa Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, ku nemi na mutanenmu.

Wanda bai karanta babin ba, ya saurara kawai. Waya kuwa a kwano nake tara su, sai an kira magariba kowa ya ɗauki tasa.