Yadda ake shawo kan gudawar kyanwa da ta ƙi tsayawa

Gudawar kwana ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ce matuƙar kyanwar tana ci, tana shan ruwa, tana kuma wasanta kamar yadda ta saba. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda ta kai mako uku, ko wadda take lafawa na ɗan lokaci ta sake dawowa, har dabbar ta soma ramewa, gashinta ya yamutse, gindin wutsiyarta kullum a ɓace. Abin da ya fi kayar da masu kyanwa a nan Garwa, arewacin Kamaru, shi ne gaggawa: yau a ba ta maganin tsutsa, gobe a canza mata abinci, jibi a ɗura mata Flagyl, a ƙarshe ko ta warke ko ta ƙara lalacewa babu mai iya cewa ga dalili. Aikin yana bukatar a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira a ga sakamakonsa kafin a taɓa na gaba.

Kafin komai, a tabbatar kyanwar tana da ƙarfin da za ta jira. A kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta a ɗaga, sannan a saki. Idan ta koma nan take, jikinta da ruwa. Idan ta tsaya a tattare ko tana komawa a hankali, ruwan jikin ya ragu sosai. A ɗaga leɓenta a taɓa dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai laushi da danshi, ba fari ba, ba kuma mai kama yatsa ba. Kyanwar da fatarta ta ƙi komawa, ko take amai tare da gudawar, ko kashinta ya yi baƙi ƙirin, ko ta ƙi abinci yini guda cur, ba a yi mata jinya a gida. A kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, domin ruwan da ake saka mata ta ƙarƙashin fata ko ta jijiya ne kawai zai riƙe ta. Haka ma 'yar kyanwa da ba ta kai wata shida ba, musamman wadda ba a yi wa riga-kafi ba, saboda cutar da likitocinmu ke kira tifus na kyanwa takan kashe ƙanana cikin kwana kaɗan. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wannan gwajin fata ya kamata a yi shi safe da yamma.

Akwai magungunan da ba a bai wa kyanwa ko da wasa. Na farkonsu farasitamol, ko da sunan Doliprane ko Efferalgan ya zo, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Ibuprofen yana lalata mata ƙoda da tumbi. Maganin tsayar da zawo na mutane shi ma a bar shi. Flagyl kuwa likitoci na amfani da shi, amma da awo, domin idan ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa har a ga kyanwa tana tangaɗi, idanunta suna rawa. Kada kuma a hana ta abinci da sunan hutar da ciki, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta, kuma wannan ya fi gudawar haɗari.

Mataki na gaba shi ne ganin kashin da ido, abin da yawancin mutane ba su taɓa yi ba saboda kyanwar tana zuwa bayan katanga ta binne abinta. A samo baho mara zurfi a zuba yashi mai tsabta, wanda aka shanya a rana ya bushe sarai, a ajiye mata a kusurwa. Abin da ake dubawa shi ne yawan kashin da yawan zuwan. Idan yana fitowa da yawa, ruwa-ruwa, sau biyu ko uku a yini, kyanwar kuma tana ramewa, matsalar ta fi kusa da ƙaramin hanji. Idan kuwa tana zuwa akai-akai, tana yunƙuri, ɗan kaɗan yake fitowa da majina ko ɗigon jan jini, to babban hanji ne. A rubuta abin da aka gani kowace rana a takarda, a ɗauki hoto da waya. Likita ya fi amfana da hoto ɗaya a kan dogon bayanin baki.

Daga nan sai maganar tsutsa. Kyanwar da ke fita waje tana kama ɓera da ƙadangare kusan babu shakka tana ɗauke da tsutsar ciki, saboda haka ana yi mata magani ko da ba a ga komai a kashin ba. Amma maganin da ke kashe doguwar tsutsa ba lallai ya kashe tsila ba. Tsila ana gane ta da 'yan gutsattsari farare masu kama da ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya ko a inda kyanwar ke kwanciya, tana kuma shiga ta hanyar ɓera ko ƙumar da kyanwar ta haɗiye wajen lasar jiki. Maganinta praziquantel ne, wanda ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya, sai dai ƙwayar mutane miligiram 600 ce, alhali kyanwa mai kilo 3 abin da take bukata bai wuce miligiram 15 zuwa 20 ba, kuma babu wuƙar da za ta raba ƙwayar daidai haka. A nemi na dabbobi. Fenbendazole kuma yana kashe doguwar tsutsa, yana kuma taimakawa a kan ƙwayar cutar jiyardiya da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, ana ba da shi kwana uku zuwa biyar a jere. Duk waɗannan da nauyin jiki ake auna su, don haka a saka kyanwar a jaka mai iska a rataye ta a sikelin mai sayar da albasa ko na mahauci, a cire nauyin jakar. Ni ban yarda da maganin da ake shanyawa a tebur cikin rana a kasuwa ba, ko da ya fi araha. Na kantin magungunan dabbobi ya fi tsada da kaɗan, amma an san abin da ke cikinsa. Idan da hali, a kai kashin a gwada tukuna. Ma'aikatan cibiyar kula da dabbobi ta ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, mafi kusa za su faɗi inda ake karɓa, ga kuma ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, wato LANAVET, a Bokle kusa da Garwa, da makarantar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere ga waɗanda ke can. A ɗebi sabon kashi na kwana uku dabam-dabam, domin jiyardiya ba kullum take fitowa ba.

Idan an yi maganin tsutsa, mako guda ya wuce gudawar tana nan, sai a shiga gwajin abinci, kuma a nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ma'anarsa ita ce a tsare kyanwar a kan abinci ɗaya tak na mako biyu cur, ba tare da ko loma ɗaya ta wani abu ta shiga bakinta ba. Abin da za a fara cirewa shi ne madara, kowace iri: ta shanu, ta gari irin Nido, da ragowar shayin safe. Babbar kyanwa ta riga ta rasa yawancin sinadarin da ke narkar da sukarin madara tun bayan yaye, saboda haka sukarin yakan wuce hanji bai narke ba, ya jawo ruwa, ya yi tsami, ya fito a gudawa. Kindirmo ya ɗan fi sauƙi, amma a lokacin gwaji shi ma a daina. Na biyu shi ne ragowar tuwo da miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ga barkono da man gyaɗa da gishiri. Na uku kifi, ɗanye ko banda. Wannan yakan yi wa mutane wuyar karɓa a garin da kifin Binuwai da na madatsar ruwan Lagdo ke ko'ina, amma kifi da naman shanu da kaza su ne kan gaba cikin abincin da jikin kyanwa ke ƙi.

Saboda haka a zaɓi naman da ba ta saba ci ba. Ni zabo na fi so, domin ba shi da maiƙo sosai, sai naman akuya wanda aka yanke kitsensa. Zomo ma yana yi ga mai kiwonsa. A dafa shi da ruwa zalla, babu gishiri, babu magi, babu albasa, a kwashe kitsen da ya taso, a zare ƙasusuwa kaf, a yayyanka ƙanana a haɗa da romonsa. Romon yana da amfani biyu: yana ƙara mata ruwa, kuma wani sinadari da zuciya da idon kyanwa ke bukata, wato taurin, yana zubewa cikinsa wajen dahuwa. Kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana cin kimanin giram 120 zuwa 150 na dafaffen nama a yini, a raba shi kashi huɗu ko biyar, kada a tula mata gaba ɗaya. Shinkafa ba dole ba ce, kyanwa maciyar nama ce. Idan alamun na babban hanji ne, ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa da aka dama a cikin abincin yakan taimaka wajen ɗaure kashin. Abin da ta rage a kwano a zubar bayan rabin sa'a, kuma wanda ba shi da firji, ko wutarsu ba ta tsayawa, ya dafa na yini ɗaya kawai. Kuɗin naman mako biyu ba kaɗan ba ne, amma bai kai na magungunan da ake saya ɗaya bayan ɗaya a kan zato ba.

Dafa naman shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne mutanen gida da maƙwabta. Kyanwar da ke yawo tana da gida uku ko huɗu da take karyawa, don haka dole a kulle ta a ɗaki tsawon gwajin, ɗaki mai inuwa da iska, ba shagon kwano da rana ke dafawa ba, da bahon yashinta da kwanon ruwa nesa da juna. Ruwan ya zama wanda mutanen gida ke sha, a canza shi sau biyu a yini. Kwana biyu na farko za ta yi ta kuka a bakin ƙofa, a nan ne yaro zai tura mata kan kifi ta ƙarƙashin ƙofa, ko tsohuwar gida ta zuba mata nono a murfin kwano tana cewa, "Haba ɗan nan, baiwar Allah ce, ba ka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba?" Amsar da ta dace, cikin ladabi, ita ce: "Inna, waccan ta kulle ta ne ta hana ta ci da sha, wannan kuwa sau biyar take ci a yini, nono ne kawai yake ɓata mata ciki." Ya fi kyau a tara kowa tun ranar farko a yi wannan bayani, a kuma ɗora wa mai yawan tausayin nan alhakin ba ta naman da hannunsa, domin wanda aka ba aikin ciyarwa ba ya satar ciyarwa. Idan duk da haka wani abu ya shiga bakinta a kwana na tara, ƙidaya ta koma farko. Kyanwoyin da abinci ne matsalarsu sukan nuna sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma sauƙin a hankali yake zuwa: zuwan yana raguwa tukuna, daga baya kashin ya soma kama jiki har a iya ɗauke shi daga yashi bai watse ba. Mutane da yawa sukan ga wannan a kwana na biyar su buɗe ƙofa, bayan kwana uku su ce gwajin bai yi aiki ba.

Idan kashin ya daidaita har ƙarshen mako biyu, sai a soma dawo da abinci ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi mako guda: kaza tukuna, sannan naman shanu, kifi a ƙarshe. Wanda ya dawo da gudawar shi ne mai laifi, a raba ta da shi. Madara ba ta cikin jerin. Tsokar nama zalla ba ta isa abincin dindindin ba, saboda babu isasshen sinadarin gina ƙashi a cikinta, don haka a riƙa haɗawa da zuciya, da 'yar hanta kaɗan, da garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka ya yi laushi, kimanin rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama. Mai son komawa abincin kanti na leda ko na gwangwani ya riƙa cuɗa shi da tsohon a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Tsabta kuwa a kwashe kashi kullum, a zubar da yashin duka sau biyu a mako, a wanke bahon da tafasasshen ruwa ko ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka, a shanya a rana. Mace mai ciki kada ta yi wannan aikin saboda cutar toksoplasma da ke iya cutar da ɗan tayi. A yi maganin ƙuma, amma ba da na kare ko na shanu ba, domin mai permethrin a cikinsa guba ne ga kyanwa. Idan akwai wasu kyanwoyi a gidan, a ba su duka maganin tsutsa tare a rana guda, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku, daga nan duk wata uku.

Idan an yi maganin tsutsa daidai, an tsare gwajin abinci mako biyu babu sata, an ma sake shi da wani naman dabam, gudawar kuma tana nan, a koma wurin likita da takardar da aka riƙa rubutawa da hotunan. A tsohuwar kyanwa mai cin abinci da yawa tana ramewa, zai duba ƙoda, da hanta, da ƙullutun maƙogwaro da ke yin aiki fiye da kima, da daɗaɗɗen kumburin hanji ko ciwon daji. A muzuru mai yawan faɗa zai yi tunanin cututtukan da ke karya garkuwar jiki. Wasu sukan bukaci allurar bitamin B12 duk mako na wani lokaci, wasu kuma maganin rage kumburin hanji, wanda ba a fara shi sai an tabbatar babu tsutsa ko wata ƙwayar cuta a ciki.