Kurakuran da mazauna tsibiri ke yi idan guguwa ta fito daga ruwa

Da yammacin 4 ga Agustan 2022, wata guguwa ta taso a kan ruwan Chesapeake a jihar Maryland ta Amurka, ta yi tsiri daga gajimare har fuskar ruwa, sannan ta hau tudu a tsibirin Smith. Ta bi ta ƙauyen Rhodes Point ta nufi Ewell, tana yaye rufin gidaje, tana karya turakun lantarki. Masana yanayi sun sa ta a mataki na EF1, wato iska mai gudun kilomita 138 zuwa 177 a awa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Mutanen tsibirin ba su fi 200 da 'yan kai ba, akasarinsu da kamun kaguwa suka dogara, kuma babu gada tsakaninsu da babban tudu. Duk mai zuwa sai ya hau jirgin ruwa daga garin Crisfield, tafiyar kilomita 19 ko kusa da haka.

Irin waɗannan mutane ba a koya musu ruwa. Sun ga ambaliya, sun ga mahaukaciyar guguwar teku irin Sandy ta 2012, wadda ake shelar zuwanta kwanaki kafin ta iso. A ganina nan matsalar take. Dabarun da suka gada na tsira daga ruwa, su ne ke jefa mutum cikin haɗari idan guguwa mai juyawa ce ta zo, domin ita mintoci kawai take bayarwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa kallo. Wanda ya tashi a bakin teku ya sha ganin ruwa ya yi tsiri sama yana juyawa, ya ɗan yi tafiya, ya baje. Da yawansu haka suke, masu tasowa a ranar da gari ke lafiya, kuma da zarar sun taɓa tudu sukan mutu. Amma akwai wadda hadari mai tsawa ke haifarwa, ita kuwa guguwa ce cikakkiya da ta samu kanta a kan ruwa, hawa tudu ba ya rage mata komai. Daga nesa kamanninsu ɗaya. Mai karatu da ya saba da guguwar rani, wadda ke kwashe leda da karmami a fili yara na binta da gudu, kada ya auna wannan da waccan. Idan akwai walƙiya, ko ƙanƙara, ko baƙin hadari a samanta, a ajiye waya a nemi mafaka. Idan kuma ka ga kamar ta tsaya cak, ba ta yin dama ba ta yin hagu sai ƙara girma, to kai ta nufo. Bidiyon da ake yaɗawa a Facebook bayan kowace guguwa, yawancinsu daga bakin taga ko baranda aka ɗauke su, wuraren da gilashi da katako ke fara samun mutum.

Sai hawa sama. Wanda ambaliya ta taɓa kora, ƙafarsa da kanta take neman matakala. A guguwa kuwa bene ne ya fi shan wahala: iska ta fi ƙarfi a sama, rufi ne ke fara tafiya, bangon sama ya biyo baya. Shawarar da aka saba bayarwa a Amurka ita ce a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai dai a tsibiri irin Smith wannan magana ce kawai, don ƙasar kusan daidai take da ruwa, ka haƙa kaɗan ruwa ya ɓuɓɓugo. Abin da ya rage shi ne hawan ƙasa na gidan, a ƙaramin ɗaki na tsakiya marar taga: banɗaki, ɗakin ajiyar kaya, lungun ƙarƙashin matakala. A lissafa bango nawa ne tsakanin mutum da waje, a zaɓi inda suka fi yawa. A durƙusa, a sunkuyar da kai, a rufa da katifa ko bargo mai kauri. Mai hular kwano ya sa ta, ya sa wa yara in akwai, domin abin da ya fi kashe mutane a guguwa shi ne tarkacen da take jifa da su, kuma raunin kai ne mafi muni. A shiga da takalmi mai tauri a ƙafa. Mutane kan manta da wannan, sai an fito a tarar tsakar ɗaki duk fasasshen gilashi da ƙusoshi. Gidajen da aka ɗaga a kan turaku saboda ambaliya kuma, kada a fake a ƙarƙashinsu. Fili ne buɗaɗɗe, iska na ratsa shi da duk abin da ta ɗauko.

Kuskure na uku ya fi wuyar gyara, don ba rashin sani ke kawo shi ba. Jirgin masunci shi ne gonarsa, shi ne shagonsa, wani ma bai gama biyan bashinsa ba. Da ya ji iska ta canja, zuciyarsa na wurin igiyar da ya ɗaure shi da ita. In guguwar teku ce ake jira, zuwa ƙara igiya daidai ne, akwai lokaci. Amma gadar katakon da ake ɗaure jirage ita ce wuri mafi muni a tsibirin idan guguwa mai juyawa ta kawo kai: babu bango, ga ruwa hagu da dama, ga tarkunan kaguwa da gangunan mai da kwanon rufin rumfuna, kowanne na iya zama makami. Ɗaurin kirki tun da safe ake yinsa, ranar da aka ce za a yi hadari. Wanda kuma abin ya riske shi a tsakiyar ruwa, kada ya yi tsere da ita ta gaba, kada ya matsa don ya gani da kyau. Ya lura da inda ta dosa, ya karkata jirgi ya ratse gefe, kowa ya sa rigar ceto, ya sanar da sauran jirage ta rediyo a tasha ta 16, wadda aka ware don kiran gaggawa a teku.

Mota ma ba mafaka ba ce. A tsibirin Pantelleria na Italiya, tsakanin Sisili da Tunisiya, guguwar 10 ga Satumban 2021 ta ɗaga motoci daga kan hanya ta yi jifa da su, mutum 2 suka mutu. A babban tudu wani kan ce zai tsere mata a mota. A tsibirin da hanya ɗaya ce siririya cikin fadama, ina za a tsere? Haka gidajen tafi-da-gidanka da rumfunan katako, ko guguwa mai rauni tana iya kifar da su. Mai irin wannan gida ya yi magana da maƙwabcinsa mai gini ƙwaƙƙwara tun gari na lafiya, a san ƙofar da za a buga da inda makulli yake. Lokacin da iska ke ruri ba lokacin jin nauyin shiga gidan mutane ba ne.

Batun buɗe tagogi wai don iska ta samu hanya kada gida ya fashe, tsohuwar magana ce da bincike ya watsar tuntuni. Ɓata daƙiƙoƙi ne a bakin gilashi.

Akwai kuma masu rikita sanarwar hukumar yanayi. Iri biyu ce. Ta farko na nufin yanayi ya nuna guguwa na iya tasowa cikin awanni masu zuwa. A nan ne ake cajin waya, a shigo da kayan tsakar gida, a kira dattijon da ke zaune shi kaɗai. Ta biyu na nufin an gan ta, ko na'ura ta hango ta, kuma abin da ya rage yawanci bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. Ƙananan guguwa da ke tasowa daga ruwa wani sa'in ma sai sun sauka sanarwar ke fita. Dogaro da waya kaɗai sakaci ne a wurin da sabis ke yawan ɗaukewa. Rediyo mai batir ya kamata ya zauna a kowane gida.

Bayan ta wuce ne ake samun raunukan da ba a zata ba. Mutum ya fito da murnar tsira, ya taka ƙusa, ko ya kai hannu ga wayar wuta da ta faɗi, ko ya hau rufin da ya riga ya tsage. Duk wayar da ke ƙasa a ɗauka akwai wuta a jikinta, balle a ƙasa mai jiƙe da ruwan gishiri. In an ji warin gas, ba ashana, ba kunna fitila. Janareta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, don hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. Ƙaramin rauni ma kada a raina shi. Bayan guguwar garin Joplin na Amurka ta 2011, wasu da ƙasa da ɓaraguzan itace suka shiga raunukansu sun kamu da wata cuta mai cin nama, har da waɗanda suka rasu. A wanke ciwo da ruwa mai tsabta, a nuna wa ma'aikacin lafiya, a duba allurar tetanus.

Kada kuma a zauna jiran agaji kamar ana birni. Jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu ba ya tasowa sai hadari ya lafa, saboda haka awannin farko na maƙwabta ne da 'yan kwana-kwana na sa-kai. A bi gida-gida a ƙirga mutane, a fara da tsofaffi da masu shan magani kullum. Firji da ba a buɗewa kan riƙe sanyi kamar awa 4, firiza da ke cike kuma ta kai kwana 2. Kafin a taɓa tarkace a ɗauki hoton ɓarnar daga kowace kusurwa, don kamfanin inshora da hukuma za su nema. Tamfol, ƙusoshi, guduma da igiya kuwa a ajiye su a gida tun kafin damina, domin a tsibiri kowane falle na kwano da kowane katako sai ya jira layinsa a jirgi, ruwan sama kuma na ci gaba da zuba ta inda rufi ya yaye.