Babi na Bakwai: Ƙananan Gyare-gyare da Ba Sa Cin Kuɗi

Darasi na 1: Mota ta ƙi tashi da safe

'Yan uwa ɗalibai, ku karanta wannan darasi a hankali. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Babu abin kunya a cikin haka, kowa da haka ya fara.

Ka murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru. Fitilar gaba ta yi ja-ja kamar aci-balbal. Kafin ka kira yaran unguwa su tura, kafin ka ce batir ya mutu ka shiga neman rancen sayen sabo, buɗe bonet ka duba. Batir shi ne wannan akwatin mai nauyi da za ka ga an rubuta 12V a jikinsa. A samansa akwai ƙarfe biyu a tsaye, kowanne da waya mai kauri ɗaure da shi. Su ake kira kan batir. Sau da yawa za ka tarar da wani gari fari, ko kore-kore, ya taru a kansu kamar gishiri ya ji raɓa. Wannan garin ne yake tare wuta, ya hana ta wucewa. Batirin lafiyarsa ƙalau, wanki yake so.

Ga abin da za ka tanada: sifana, yawancin ƙananan motoci lamba 10 ce ke kama notin, za ka ga lambar a rubuce a jikin sifanar. Sai tsohon buroshin haƙori, kanwa kamar girman goro, ruwan ɗumi kofi ɗaya, tsumma, ɗan man basilin, da leda biyu da za ka sa a hannu. Kanwar nan ta miya dai, wadda ke cikin kicin. Ita ce ke kashe kaifin ruwan batir. Jiƙa ta a kofin ta narke.

Kashe mota. Zare makulli ka sa a aljihu. Cire zobe da agogo. Mai shan sigari ya kashe ta, domin batir yana fitar da wata iska mai kama wuta.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin da ake faɗuwa.

Kun tuna darasin lissafi? Alamar tarawa ita ce +. Alamar ɗebewa ita ce −. Su biyun nan suna nan a jikin batir, kusa da kowane kai. Goge wurin da tsumma har sai ka gan su da idonka. Wani batirin ma an rubuta POS a gefen tarawa, NEG a gefen ɗebewa. Yawanci wayar tarawa ja ce, ta ɗebewa baƙa, amma kada ka dogara da launi. Ƙura da baƙin mai sun mayar da duk wayoyin tsohuwar mota baƙaƙe, wani makanike kuma ya taɓa canza waya da wadda ya samu a hannu. Alamar za ka nema. In ta goge, duba kaurin: kan tarawa ya ɗan fi na ɗebewa kauri.

Wayar ɗebewa ake fara cirewa. Mai alamar −. Ita ce ta farko.

Dalilin shi ne, jikin mota gaba ɗaya haɗe yake da kan ɗebewa. In ka fara da tarawa, sifana tana kan noti, gindinta ya kuskure ya taɓa ƙarfen mota, ka haɗa kai biyu ke nan da hannunka. Tartsatsi zai tashi, sifana ta yi zafi nan take. Amma in ka riga ka cire wayar ɗebewa ka kawar da ita gefe, ko sifana ta taɓa jikin mota babu abin da zai faru. Abu ɗaya dai, kada ka kwantar da sifana a saman batir ta haɗa kawunan biyu.

Akwai wani dattijo a ajinmu na yamma, direban haya, ya fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Ranar da muka fita gwaji na ce masa, "Baba, wacce za a fara cirewa?" Ya ce, "Ta ɗebewa mana, Malam." Ya ɗauki sifana, ina tsaye ina kallo, ya ɗora ta a kan ta tarawa, saboda ita ce ta fi kusa da hannunsa. Sai da na riƙe masa hannu. Daga baya ya nuna mini tabon ƙuna a yatsansa, daidai inda zoben azurfa yake zama, ya ce shekarun baya ne a tasha. Baki ya san amsar, hannu bai sani ba. Saboda haka kafin ka ɗauki sifana, ɗora yatsa a kan alamar − ka faɗa a fili: wannan ce ta farko. Kowa zai iya, sabo ne kawai.

To, ka cire ta ɗebewa. Yanzu cire ta tarawa. Tsoma buroshi a ruwan kanwa ka goge kawunan biyu da cikin zoben wayoyin. Za ka ga yana kumfa, aikinsa ke nan. Kada ka kwarara ruwan a saman batir, in ya shiga ciki ta murafen nan zai lalata shi. Goga har sai ƙarfen ya yi haske. Garin nan kada ya taɓa maka ido, yana kuma huda riga, kar a yi aikin da kayan Juma'a. Share da tsumma, ka bar shi ya bushe.

Wajen mayarwa, sai a juya. Ta tarawa za ka fara ɗaurewa, ta ɗebewa ce ta ƙarshe. Ku rubuta wannan a littafinku sau biyar: wayar ɗebewa ce farkon fita, ita ce ƙarshen komawa. Na ce sau biyar. A ajin bara na faɗi maganar nan har makogwarona ya bushe, ranar jarrabawa rabin aji suka rubuta akasin haka, wasu ma ba su rubuta komai ba saboda ranar darasin sun tafi ɗaurin aure. Ba yara ba ne ku. In ba za ku maimaita a gida ba, ni ba zan bi ku gareji ina riƙe hannu ba.

Ɗaure notin har sai waya ta daina juyawa in ka murɗa ta da hannu. Shafa basilin kaɗan a sama don kada garin ya dawo da wuri. Agogon mota zai koma baya, rediyo ma wataƙila ta manta tashoshi, sai ka sake saita su. In har yanzu motar ba ta tashi ba, kai batirin wurin mai caji ya auna. Batirin da ya kumbura ko ya tsage kuwa, kada ka taɓa shi da gyara.

Na babur ma haka ake yi. Wacce ake fara cirewa? Ta ɗebewa.

Darasi na 2: Famfo mai ɗiga

Famfon da ke ɗiga duk dare, yawanci wata 'yar roba ce a cikinsa ta cinye. Fara rufe inda ruwa ke fitowa daga tanki. Buɗe famfon ruwan da ya rage ya tsiyaye. Wanda ya tsallake wannan zai yi wanka da kayansa.

Murɗawa yadda hannun agogo ke tafiya ɗaurewa ne, akasin haka kwancewa. Naɗe kan famfon da tsumma, ka kama da sifana ka kwance. A ƙasansa za ka ga baƙar roba, zagayayya, da huda a tsakiya. In gefe ɗaya ne ya cinye, juya ta kawai ka mayar. In ta mutu duka, ɗora ta a kan robar cikin tayar keke, wadda mai faci ya yar, ka zana da biro ka yanke da almakashi. Robar ba ta da kauri, yanki biyu ko uku ka haɗa, ka huda tsakiya da ƙusa. Mayar ka ɗaure, ba da ƙarfin tsiya ba. Famfon zamani da ake ɗan juyawa kaɗan ya buɗe ba shi da irin wannan roba, wannan dabara ba ta yi masa.

Darasi na 3: Ƙofa ta saki

In sukurun hinjin ƙofar katako yana juyawa ba ya kamawa, ramin ne ya yi faɗi. Zare sukurun. Karye kan ashana uku ko huɗu ka yar, ka shafa wa tsinken gam, ka cusa a ramin. Karye abin da ya fito waje. Mayar da sukurun. Gobe ta kama.

Darasi na 4: Kwaɗo da durowa

Makullin ofis ko shago yana cijewa a kwaɗo? Goga masa bakin fensir gaba da baya, ka sa ka zare sau da yawa. Kada a zuba man gyaɗa, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta toshe kwaɗon. Durowar tebur mai taurin jawowa, a goga kyandir ko busasshen sabulu a gefenta.

Darasi na 5: Zif

Zif ɗin jaka ma kyandir. A goga, a ja a hankali.