Yadda za ka bi sawun kakanka da ya zo Kaduna cin rani ya zauna

Mu 'yan Kaduna yawancinmu kakanninmu zuwa suka yi, wani aikin reluwe ya kawo shi, wani soja, wani fatauci, tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. To in kana son gano naka, kar ka fara da intanet. Fara da tsofaffin gida tun suna da rai, ka zauna da goggo ko baba ka kunna rikoda a waya, ka tambayi sunan kaka da na ubansa da laƙabinsa da garinsu da sarkin da ke mulki lokacin da ya taso, don sunan sarkin nan shi zai taimaka maka ka kintaci shekara.

Daga nan sai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon, ko Arewa House, cibiyar binciken tarihi. Amma fa ka sani, ƙidayar 1931 da ta 1952 adadi ne yawanci, ba sunaye ba, gara ka nemi rahoton haraji da na gundumomi. Kuma Bature yadda ya ji suna haka yake rubutawa, Audu ko Abdu, Mamman ko Momman, duk ka gwada.

In kuwa naka Amurka ya tafi, can suna buɗe sunayen da ke cikin ƙidaya bayan shekara 72, ta 1950 an buɗe ta a 2022, shafin intanet na binciken asali mai suna FamilySearch kyauta ne, ka duba layin ƙasar haihuwa.