Yadda za ka hana jarin shagonka zagwanyewa

Shago na iya cika da masu saye daga safe har dare, amma jari na raguwa a hankali ba tare da mai shi ya ankara ba. Maganin yana farawa ne daga raba kuɗin shago da na aljihu. Ka buɗe wa kasuwancin asusun banki nasa, ka yanka wa kanka albashi na wata. Cefane, kuɗin makarantar yara da gudunmawar biki duk su fito daga wannan albashin. Ko sabulu ka ɗauka daga kanta za ka kai gida, ka rubuta shi.

Wurin da aka fi yin asara shi ne sa farashi. A ce ka sari buhun shinkafa a kasuwar Singer da ke Kano kan naira 60,000. Kuɗin mota da na ɗan dako sun ci 1,500, leda da abin da ke zubewa wajen awo sun ci 500. Buhun ya tsaya maka a 62,000 ke nan, kafin a zo maganar hayar shago, wutar lantarki da albashin yaron shago. Ka sayar a 65,000, kana ganin ka ci ribar 3,000. To amma idan ka koma sari ka tarar buhu ya kai 66,000, kuɗin da ke hannunka ba zai dawo maka da buhun da ka sayar ba. Don haka a lokacin tashin farashi, ka riƙa tambayar dilanka farashin yau, ka ɗora ribarka a kan abin da za ka sake saro kayan. Jarin ɗan kasuwa da yawan kaya ake auna shi, ba da yawan takardun kuɗi ba.

Bashi kuwa sai da littafi: suna, rana, adadi da ranar biya. Ka sa wa kanka iyaka, misali kada jimillar abin da kake bin mutane ta wuce kashi 10 cikin 100 na jari, kuma wanda bai biya tsohon bashi ba kada a ƙara masa sabo, ko da ɗan uwa ne. Mai biya ta tiransifa, sai ka ga kuɗin a asusunka kafin kaya su fita, domin hoton rasit a waya ana iya ƙirƙirarsa.

Ƙarshen kowane wata ka ƙirga kaya. Darajar kayan da ke shago a farashin sari, da kuɗin hannu da na banki, da bashin da kake da tabbacin za a biya ka, sai ka cire wanda ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya. Kwatanta shi da na watan jiya. Wannan lissafin zai kuma sauƙaƙa maka fitar da zakka idan shekara ta zagayo. Kayan da suka yi wata uku ba su motsa ba, ka karya farashinsu su tafi, kuɗin ya koma kan abin da ke fita.

Idan lissafi ya daidaita, ka yi rajista da Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da kasuwanci rajista a Najeriya. Tun daga dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya ma na iya yi wa ƙaramin kamfani rajista. Da takardar ce banki zai buɗe maka asusu da sunan kasuwancin, kuma masu ba da rance za su nemi ganin shige da ficen kuɗinsa na watanni. Kada ka buɗe shago na biyu sai na farko ya iya tafiya kana nesa, littafinsa kuma yana dacewa da abin da ke kan kanta.