Kurakuran da muke yi wajen warware wasan kalmomi mai tarko

Jama'a tun da muka hwara wannan wasa a hwadarmu nan Maraɗi, wanda a lakwal ake ce ma mo kurwaze, inda ake ba ka tambayoyi ka cike gidaje da amsoshi masu gitta juna, na lura kusan wuri guda kowa ke faɗuwa. Asalinshi Amurka ne, Arthur Wynne ya fito da shi a jaridar New York World a 1913, amma nau'in mai tarko a Ingila ya girma, kuma shi ne ya fi kama da kacici-kacicinmu.

Babban kuskure shi ne ka karanta tambaya kamar labari. Na rubuta ma yara "rake ya hargitse ya koma mai haushi (4)" wallahi sai da shayi ya huce suna ta neman wani mai saida rake da ya yi fushi a kasuwa, alhali "hargitse" ce ke gaya maka ka birkita baƙaƙen rake, a samu kare. Kowace tambaya kashi biyu gare ta, ma'anar amsa tana zama a farko ko a ƙarshe, sauran duk dabara ce. Ka raba su tukuna kahin ka taɓa bik. Mu da muka tashi da "baba na ɗaka gemu na waje" ai bai kamata wannan ya ba mu wuya ba, wa ya taɓa tahiya neman tsoho? hayaƙi muke cewa.

Sai masu wuce amsa tana gabansu. "Farkon Tasawa abin zuba tuwo ne (4)", tasa ce fa, ga ta nan zaune cikin sunan garin.

Wanda ya fi damuna kau shi ne riƙe ma'ana guda. Rubutunmu bai nuna karin sauti, to gari birni ne kuma shi ne na tuwo, fari launi ne kuma rashin ruwan sama ne. In kalma ta ƙiya, faɗe ta da ƙarfi sau biyu uku kana sauya murya, za ka ji ɗayar ta fito.

Lambar da ke ƙarshen tambaya, mai gaya maka yawan baƙaƙen amsa, kar ka raina ta. Amma ku daidaita tun farko ko ts da sh gida guda za su ci ko biyu, don tsintsiya 7 ce ko 9, mun sha gardama kan wannan. Kuma k ba ƙ ba ce, in ka sa kafa wurin ƙafa ka ɓata ma kalmar da ta gitta ta hanya, sai ka goge layi biyu.