Yadda Za a Shawo Kan Sukarin da ke Hawa da Safe Kafin Karya Kumallo

Masu ciwon sukari da yawa a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru suna kokawa da abu guda: mutum ya kwana bai sa komai a bakinsa ba, amma da ya soki yatsa da safe sai na'urar awo ta nuna giram 1.80 ko fiye. A asibitocinmu da giram na sukari a kowace litar jini ake lissafi, kuma abin da likitoci ke nema ga yawancin manya masu wannan ciwo shi ne awon safe ya tsaya tsakanin 0.80 da 1.30, bayan aƙalla awa takwas ba a ci abinci ba.

Kafin a taɓa magani, a fara gano dalili. Hanta tana ajiye sukari, kuma gab da asuba jiki yana fitar da wasu sinadarai da ke sa ta sake shi cikin jini domin shirin tashi. Mai lafiya insulin ɗinsa, wato sinadarin jiki da ke rage sukarin jini, yana daidaita wannan nan take, mai ciwon sukari kuwa nasa ba ya isa, shi ya sa awon ke hawa ko da ciki babu komai. Hanyar ganewa ita ce a yi awo sau uku, lokacin kwanciya da misalin ƙarfe uku na dare da kuma bayan an tashi, na kwana uku ko huɗu, ana rubutawa a littafi tare da abin da aka ci. Idan tun lokacin kwanciya awon yana sama, laifin na abincin dare ne ko na maganin rana. Idan da kyau ya kwanta sannan ya hau da asuba, aikin hanta ne. Idan kuwa ya faɗi ƙasa da 0.70 a tsakar dare, magani ya yi yawa, kuma ƙara shi haɗari ne.

Littafin nan shi za a kai wa likita, domin shi ne mai sauya adadin magani ko lokacin shansa. Metformin yana rage sukarin da hanta ke saki, kuma tare da abinci ake shansa don kada ya ɓata ciki. Glibenclamide da allurar insulin kuwa suna iya kayar da sukari ƙasa sosai, don haka mai amfani da su bai kamata ya kwana da yunwa wai don awon safe ya yi kyau ba. Wanda ya ji rawar jiki da gumi da jiri ya sha ƙwayar sukari uku a ruwa nan da nan, ya sake awo bayan minti 15. Zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40 a Garwa, yana rage ƙarfin insulin, saboda haka wanda ba shi da firiji ya sa kwalbar a leda ya ajiye ta a cikin tukunyar ƙasa da aka dasa a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

A ganina, kwanon dare ne wurin da aka fi yin sakaci. Ba a ce a bar tuwo ba, amma malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu ta isa, kuma tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi farar shinkafa da burodi. Sauran kwanon a cika shi da miyar kuɓewa ko yakuwa ko zogale, da wake ko kifin Binuwai. A ci da wuri, bayan magariba, a ɗan taka na minti goma zuwa sha biyar, zuwa masallaci da dawowa ma ya wadatar. Abin da ke rusa wannan ƙoƙari shi ne shayin hira mai kauri da sukari, da zoɓo mai zaƙi, da kunun da ake sha dab da kwanciya ana ɗaukarsa abu mai sauƙi, alhali gari ne da sukari. Zuma ma sukari ce, duk da darajar da muke ba ta.

Akwai kuma abubuwan da ba na abinci ba. Zazzaɓin cizon sauro, ƙurji, ciwon haƙori da rashin barci duk suna ɗaga sukari, haka ma ƙwayoyi irin su dexamethasone da ake saya a kasuwa don ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba. Duk wani saiwa ko jiƙo da ake sha a gaya wa likita, kada a ajiye maganin asibiti saboda shi.

Kowane wata uku a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, kuma ga yawancin manya ƙasa da kashi 7 ake nema. Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likita makonni kafin watan ya kama. Idan awo ya kai giram 3, ko kuma yana sama tare da amai, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari ko magagi, a tafi asibiti a ranar, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.